Daga kan jirgi ko daga gaɓa? Zaɓen littafin tarihin sojan ruwa a Zariya

Wata Asabar bayan la'asar ɗan ƙanwata ya iske ni a zaure da takarda a hannu. Digiri na biyu yake yi a fannin tarihi a Samaru, kuma ya jajibo aikin da ba kasafai ake gani a nan ba: yadda Najeriya ta gina rundunar sojan ruwanta tun daga 1956. A takardar akwai sunayen littattafai goma sha ɗaya, wasu malaminsa ya ba shi, wasu shi ya tsinto. Kuɗin da ke aljihunsa na guda biyu ne, in an matsa uku.

"Kawu, wanne zan fara saya?"

Tambayar ba ta raini ba ce. Littafin ilimi mai kaurin bango daga maɗaba'ar wata jami'ar Ingila ko Amurka yana iya haura dala 100 tun kafin a zo maganar kuɗin aiko shi, wato ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Wanda ya yi kuskuren saye a nan, sai wata shekarar.

Abokansa har tsiya suke masa, wai mutumin da bai san wani ruwa ba sai Kubanni da Galma, me ya haɗa shi da teku? Ni kuwa gani nake Bazazzagi ya fi kowa dalilin sanin wannan tarihi, don ta ruwa aka zo mana. A Lakwaja, mahaɗar Kwara da Binuwai, Lugga ya kafa tuta ranar 1 ga Janairun 1900. A jiragen ruwa masu hayaƙi aka ɗauko sojojin da suka ci Yola a Satumbar 1901, lokacin da Binuwai ya cika har jirgi yana iya hawa. Shekara ta zagayo suka shigo Zariya zamanin Sarki Kwasau. Ƙarafan titin dogon da ya ratsa garin nan ya isa Kano a 1911, a jirgin ruwa aka kawo su Baro. Audugar da aka gurza a nan da gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano duk bakin teku suka nufa, kuma unguwar da muke kira PZ sunan kamfanin fatauci ne da hajarsa ke zuwa ta teku. Kai, hatta rundunar sojan ƙasa da ake horar da kuratanta a Daffo, asalinta ana kai shi ga 'yan Hausawan da Glover ya tara a Ikko, wato Legas, a 1863, shi kuwa Glover hafsan sojan ruwan Ingila ne. A yau ma haka abin yake. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na hajar da ƙasashe ke musaya a teku take tafiya, kuma 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana abin da rashin tashar ruwa ke nufi da aka rufe iyakar Binin bayan juyin mulkin Yulin 2023.

Abin da na fara ce masa shi ne ya ajiye maganar wanne ya fi suna. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, marubucin tarihin teku kuma ba a kan ruwa yake shawagi ba, akwai inda ya kafa ƙafa. Wani a kan jirgin adimiral, wato babban hafsan sojan ruwa, yake tsaye yana kallon hayaƙin igwa. Wani a baitulmali yake zaune yana lissafin abin da jirgin ya ci. Wani kuma a gaɓa yake, cikin mutanen da aka auno da igwar. Kafin ka zaro kuɗi, gano inda mutumin yake tsaye da wanda yake son ya shawo kansa, sannan ka duba ko daga can ana hango abin da kai kake nema.

Suna na farko a takardar, kamar yadda na zata, Alfred Thayer Mahan ne, da littafinsa na 1890, The Influence of Sea Power upon History. Hafsan sojan ruwan Amurka ne, kuma littafin laccoci ne da ya yi wa hafsoshi a kwalejin yaƙin ruwa ta Newport. Ya bi yaƙe-yaƙen Ingila da Faransa da Holan daga 1660 zuwa 1783, zamanin jiragen filafilai, ya fito da darasi guda: ƙasar da ta tara manyan jiragen yaƙi wuri ɗaya, ta nemi rundunar abokin gaba ta murƙushe ta a gaba ɗaya, ita ke mallakar teku, wanda ya mallaki teku kuma ciniki da arziki nasa ne. A babin farko ya jera abubuwa shida da ke sa ƙasa ta yi ƙarfi a ruwa, daga inda Allah ya ajiye ta da yanayin gaɓarta da faɗinta, zuwa yawan jama'arta da halinsu da irin gwamnatinta.

Littafin ya yi tashe irin wanda littafin tarihi ba ya yawan yi. Ingila ta karrama shi, Japan ta fassara shi, Sarkin Jamus Wilhelm na biyu ya sa aka ajiye shi a jiragen yaƙinsa, ba a jima ba kuma majalisar Jamus ta zartar da dokokin gina runduna na 1898 da 1900. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Lokacin da Mahan ke rubutu rundunar Amurka ƙarama ce in aka gwada da na Turai, shi kuwa so yake majalisar ƙasarsu ta saki kuɗi a ƙera manyan jirage. Tarihin Ingila tsani ya yi da shi. Bai yi zaman gidan adana takardu ba don wannan littafi, daga abin da wasu suka riga suka wallafa ya ɗebo, ya zaɓi abin da ya dace da hujjarsa. Ba na cewa ƙarya ya yi. Lauya ne mai gaskiya, amma lauya dai. Kuma akwai inda zamani ya ƙaryata shi: ya raina harin da ake kai wa jiragen fatauci, yana ganin ba shi ke yanke hukuncin yaƙi ba, sai ga shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a watan Afrilun 1917 kaɗai, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus sun nutsar da jiragen da nauyinsu ya haura tan 800,000, Ingila ta kusa durƙusawa.

Abin da ya cece ta kuwa dabara ce da kakanninmu fatake suka sani tun ba a haifi Mahan ba: ayari. Aka daina barin kowane jirgi ya kama hanya shi kaɗai, aka tara su da yawa da 'yan rakiya masu makamai, kamar yadda madugu ke haɗa ayarin Gwanja ko na Bilma. Wannan shi ya kai mu ga suna na biyu, wanda ni na fi ganin girmansa.

Julian Corbett Bature ne ɗan Ingila, lauya ne da ya koma tarihi, bai taɓa sa kakin soja ba, kuma hafsoshi da yawa ba su yafe masa wannan ba. A littafinsa na 1911, Some Principles of Maritime Strategy, ya ce a daina kallon teku kamar gona da za a ci da yaƙi a kafa mata iyaka. Teku hanya ce. Mallakarta na nufin kai ka iya wucewa da kayanka da sojanka, abokin gaba ya kasa. Kuma tunda a tudu mutane ke zaune, amfanin runduna a ruwa shi ne abin da ta sa sojan ƙasa ya iya yi, ko abin da ta hana shi. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Babu wanda ya taɓa mallakar yashin Sahara, amma wanda ya riƙe rijiyoyi da zango da mashigar Agadas shi ke karɓar kuɗin hanya.

Yaƙin Jutland na 31 ga Mayun 1916 ya auna mutanen biyu. Manyan rundunonin Ingila da Jamus suka gwabza, Ingila ta yi asarar jirage 14 da mutum wajen 6,000, Jamus ta rasa 11 da mutum wajen 2,500. In da ƙirga gawa ake cin yaƙi, Jamus ta ci. Amma washegari jiragen Jamus na cikin tasharsu, ƙawanyar da Ingila ta yi wa cinikinsu tana nan daram har ƙarshen yaƙi. Ga wani abu da nake so kowane ɗalibi ya sani game da tarihin da hukuma ke sa a rubuta. Corbett aka ba aikin rubuta tarihin wannan yaƙi a hukumance. Da juzu'in da ya ƙunshi Jutland ya fito a 1923, bayan rasuwarsa, sai hukumar sojan ruwan Ingila ta liƙa sanarwa a gaban littafin cewa ba ta yarda da wasu ra'ayoyinsa ba, musamman yadda ya rage darajar neman arangama. Ita ta ba shi takardun, ita ta sa shi aikin, ita ce kuma ta tsame hannunta.

Duk da haka na ce wa yaron kada ya kashe ko sisi a kan waɗannan biyun. Sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, kyauta suke a intanet. Ya sauke su a waya, ya karanta gabatarwa da babin farko na Mahan, ya bi Corbett a tsanake. Na sha ganin ɗalibai sun sayi sabon bugu mai sheƙi na abin da yake kyauta, kawai don bangon ya yi kyau a kanta.

Rukuni na biyu a takardar su ne masu tonon takardu. Arthur Marder, Ba'amurke, ya samu izinin shiga ma'ajiyar hukumar sojan ruwan Ingila, ya fitar da juzu'i biyar tsakanin 1961 da 1970 a kan shekarun 1904 zuwa 1919. Stephen Roskill, tsohon kyaftin, shi ya rubuta tarihin Yaƙin Duniya na Biyu a teku a hukumance, ya biyo da juzu'i biyu a kan manufofin runduna tsakanin yaƙe-yaƙen biyu. Manyan malamai ne, kuma sun ƙare da rigima mai zafi a tsakaninsu, har a kan yawan katsalandan da Churchill ya yi wa adimirori a farkon Yaƙin Duniya na Biyu: Roskill na ganin ya wuce gona da iri, Marder na sassauta masa. Takardu iri ɗaya suka karanta. Ɗaya ya zauna da hafsoshin da abin ya shafa a matsayin ɗan gida, ɗaya ya zo a matsayin baƙon da aka karrama.

Shekarar bugu ma magana ce. Sai a 1974 aka bayyana wa duniya cewa Ingila tana karanta saƙonnin sirrin Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Duk littafin da ya fito kafin nan a kan yaƙin Atilantika, har da na Roskill, akwai rami a tsakiyarsa, ko marubucin bai sani ba, ko ya sani an hana shi faɗa. Shi ma Marder bai tsira ba. A 1989 Jon Sumida, bayansa kuma Nicholas Lambert a 1999, suka koma kan takardun Adimiral Fisher, mutumin da ya kawo jirgin Dreadnought a 1906, suka ce abin da ya fi tura shi matsin kasafin kuɗi ne da sabuwar fasaha, ba tsoron Jamus kaɗai ba kamar yadda Marder ya ɗauka. Wasu masana sun mayar musu da martani, har yau ba a rufe zancen ba. Darasin ga mai saye: a fagen da ake gardama, wanda ya sayi littafi ɗaya ɓangare ɗaya ya saya. Ga mai nazarin Najeriya kuwa, wannan gardamar 'yan gida ce, sharhin da masana suka yi a mujallu ya ishe shi.

Inda na fi so ya tsaya shi ne wurin masu bin sawun kuɗi. Paul Kennedy, a littafinsa na 1976 The Rise and Fall of British Naval Mastery, ya juya maganar Mahan ne: runduna ba ita ke haifar da arziki ita kaɗai ba, bayan arziki take bi. Ingila ta yi sarautar teku lokacin da masana'antunta da bankunanta suka fi na kowa, da Amurka da Jamus suka kamo ta sai sarautar ta fara zamewa, har a yarjejeniyar Washinton ta 1922 ta yarda ta yi kunnen doki da Amurka, biyar da biyar, Japan uku. N.A.M. Rodger ya ƙara nitsawa. A The Command of the Ocean na 2004, wanda ya ɗauki 1649 zuwa 1815, babin yaƙi na biye da babin mulki, na ƙira, na rayuwar matuƙa. A nan za ka gane cewa nasarar da Adimiral Nelson na Ingila ya samu a yaƙin ruwa na Trafalgar a 1805 an fara ta ne a wurin da ake gasa biskit da gishirta nama, a maƙerar da ake lulluɓe ƙasan jirgi da tagulla don kada tsutsa ta ci, da ruwan lemon tsamin da aka fara rabawa a 1795 don maganin cutar da ke kumbura dasashi ta zubar da haƙora. Jirgin Nelson ɗin kansa ya ci itatuwa wajen 6,000. Bayan duk wannan akwai gwamnatin da ke iya cin bashi da sauƙin ruwa tun da aka kafa Bankin Ingila a 1694.

Me ya sa wannan ya fi mana amfani? Dubi Aradu, jirgin yaƙin rundunar sojan ruwan Najeriya. Sunan Hausa ne, kamar Dorina da Damisa da Kyanwa da Kada da rundunarmu ta raɗa wa wasu jiragenta, abin da 'yan Arewa da yawa ba su sani ba. An ƙera shi a Hambug ta Jamus, tsawonsa mita 125, ya shiga aiki a 1982, kuma a lokacin da wuya ka sami kamarsa a Afirka kudu da Sahara. An yi odarsa da kuɗin mai yana ambaliya, ya iso farashin mai na faɗuwa, 1986 ta zo da tsuke bakin aljihu da karyewar naira. Kayan gyaransa da kuɗin waje ake saye. Ya je bikin cika shekara 200 da Trafalgar a Ingila a 2005, amma ya kwashe shekaru masu yawa a ɗaure a Legas yana jiran gyara. Mahan ba shi da abin da zai gaya maka a kan Aradu, in ban da a ƙaro irinsa. Kennedy da Rodger su za su sa ka yi tambayoyin da suka dace: wa ya yi lissafin kuɗin riƙonsa na shekara ashirin, ina maƙerar da za ta ɗaga shi, injiniyoyi nawa aka horar, kuma wane aiki aka saye shi ya yi? Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawa.

Matsalar Rodger kauri da tsada, kuma ɗan Ingila ne mai ƙaunar rundunarsu, ba ya ɓoyewa. Na Kennedy ya tsufa, amma yana karantuwa, ana kuma samun tsohonsa da araha.

Sai na tambaye shi abin da ya sa babu ko mutum ɗaya a takardarsa da ke tsaye a gaɓa. Ya yi shiru.

Ga misali. Christopher Lloyd ya rubuta The Navy and the Slave Trade a 1949, labarin jiragen Ingila da suka yi sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma tun daga 1808 suna kama jiragen bayi. Aikin ya faru da gaske: an kama jirage wajen 1,600, an 'yanta mutum kimanin 150,000, akasarinsu aka sauke su a Saliyo, cikinsu har da Hausawa da Barebari, kuma daga bakin irin waɗannan Turawa suka rubuta wasu harsunanmu. Matuƙa da yawa zazzaɓi ya kashe su a wannan aiki. To amma ɗauko Kenneth Dike, Trade and Politics in the Niger Delta na 1956, ka ga jiragen nan dai daga tudu. Rundunar da ke 'yanta bayi ita ce ke tsayawa bayan ɗan kasuwar manja in ya yi saɓani da sarkin gari. Ita ce ta yi wa Ikko ruwan wuta a Disambar 1851, ta kori Kosoko ta ɗora Akitoye, shekara goma bayan nan garin ya zama na Ingila. Yarabawa har suna suka ba wannan yaƙi daga ƙarar igwar, Agidingbi. A 1887 aka gayyaci Jaja na Opobo taro, aka ƙare da shi a cikin jirgin yaƙi, aka kai shi gudun hijira tsibiran Karibiyan. Wanda ya jagoranci cin Binin ta Edo a 1897 adimiral ne. Duk littafin da ya kira wannan zamani zaman lafiyar teku, a kan jirgi marubucinsa yake. Daniel Headrick, a The Tools of Empire na 1981, ya bayyana yadda abin ya yiwu: jirgin ƙarfe mai hayaƙi da ba ya nitsewa da zurfi, da kwinin. A 1854 Baikie ya hau Kwara da Binuwai mutanensa na shan kwinin, ya dawo bai rasa kowa ba, alhali tafiyar 1841 zazzaɓi ya yi mata kaca-kaca.

Ɗalibin Samaru bai kamata a tuna masa wannan ba. Sashen tarihin da Abdullahi Smith ya gina, da Yusufu Bala Usman ya yi suna a cikinsa, an san shi ne da tambayar da ake yi wa kowace majiya: wa ya rubuta, don wa, me ya gani, me ya ɓoye? Abin da ake yi wa rahoton razdan shi za a yi wa littafin adimiral.

Bari in ɗan ratse. Littattafan nan kusan duka suna farawa ne kamar babu wanda ya taɓa yaƙi a ruwa sai Bature. Sonni Ali na Songhai da rundunar kwalekwale ta Sorkawa ya yi wa Jenne ƙawanya, kuma masarautar na da sarauta ta musamman ta shugaban jirage. Kedawa sun riƙe sufurin Kwara a ƙasar Nufe, Buduma sun gagari kowa a tafkin Chadi. Ibn Khaldun ya ware fasali a Muƙaddima a kan shugabancin jiragen yaƙi, inda ya bayyana yadda Musulmi suka mamaye Bahar Rum da yadda abin ya kuɓuce musu da dauloli suka yi sakaci da sana'ar. Ƙarni biyar kafin Mahan ke nan. Malaman cikin birni da ke da Muƙaddima a kanta suna da littafin manufar teku ba su sani ba.

Rukuni na ƙarshe shi ne na manufa, masu maganar me ya kamata a yi yanzu. A nan ina da gwani, Ken Booth, Navies and Foreign Policy, 1977. Ya ce aikin runduna uku ne: yaƙi, diflomasiyya, da aiki irin na 'yan sanda. Ka ɗora tarihin rundunarmu a kan wannan ka ga yadda ya zauna. Ta yi yaƙi na gaske a basasa, ta sauke sojoji a Bonny a Yulin 1967 da Kalaba a Oktoba, ta toshe gaɓar Biyafara, abin da ya taimaka wajen ƙare yaƙin kuma yana cikin abin da ya jawo yunwar da ta kashe farar hula masu ɗimbin yawa. Marubucin da ya faɗi ɗaya ya bar ɗaya, ka san gaɓar da yake tsaye. Ta kai sojojin ECOMOG Laberiya a 1990. Amma aikinta na kullum tsaron gaɓa ce mai tsawon kilomita 853 da ruwan tattalin arziki na mil 200 da dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa: ɓarayin ɗanyen mai, masu satar kifi, 'yan fashin teku, har da sansani a Baga. Babu rundunar abokin gaba da za a nema a murƙushe. Littafin Geoffrey Till, Seapower, wanda ya fara fitowa a 2004, ya fi faɗi kuma shi ake yawan koyarwa a kwalejojin hafsoshi, mai shirin kwas a Jaji zai amfana da shi, amma sai ya nemi bugu na baya-bayan nan.

Domin littafin manufa kamar tumatir yake, ba ya ajiyuwa. Wanda aka rubuta kafin yarjejeniyar Yawunde ta 2013 bai san tsarin haɗin gwiwar ƙasashen Mashigin Gini ba. Wanda ya fito kafin 2019 bai san dokar hukunta fashin teku ta Najeriya ba. A 2020, cikin matuƙa 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a Mashigin Gini ne, daga baya kuma adadin ya faɗi warwas. Littafin da aka rubuta da zafin waccan shekara yau labarin jiya yake bayarwa. Irin wannan a rahotanni da mujallu ake bin sa, ba a zuba masa dala. Haka ma kundin da aka harhaɗa daga takardun taro, babi goma sha biyar marubuta goma sha biyar: galibi biyu ne za su yi maka amfani, ka nemi biyun.

In littafi ya zo hannunka, ko shafukan da ake bari a leƙa kyauta, kwata ɗaya ta isa. Fara da shafin godiya, nan ne marubuci ke tona kansa: wa ya ba shi kuɗin bincike, wace runduna ta buɗe masa ƙofa, wane adimiral ya rubuta masa gabatarwa. Juya bayanan ƙasan shafi ka ga ko takardun asali ya gani, ko littattafan wasu yake juyawa kamar waina. Sannan buɗe fihirisa ka nemi kalmomi irin su kasafi, gyara, albashi, Afirka. In ka ga sunayen jirage shafi uku babu kasafi ko sau ɗaya, na masu sha'awa ne, a karanta don nishaɗi. Tarihin rayuwar tsofaffin hafsoshinmu da littattafan bikin cika shekara kuwa a riƙe su da hannu biyu, don akwai abin da ba za ka samu ko'ina ba sai can, amma shaida ne ba alƙali ba. Ban taɓa karanta wanda mai shi ya ce shi ya yi kuskuren ba.

Da aka kira magariba mun soke bakwai. Ya tsaya a kan Booth da Kennedy, tsofaffin bugu, na hannu. Dike da Headrick zai fara nema a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim kafin ya yi maganar saye. Abin da ya rage na kuɗin na ce ya ajiye na mota ne, zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, in hali ya yi har Badun, don littafin da yake bukata da gaske shi ne wanda zai rubuta.

Yana sa takalmi ya juyo. "Kawu, amma me zan samu a Kaduna? Ai rundunar a Legas aka kafa ta."

Na ce masa rundunar 1956 daga tsohuwar ma'aikatar jiragen ruwa ta gwamnatin mulkin mallaka aka yanko ta, wadda aka haɗe a 1914, kuma kafin haɗewar Arewa na da tata, da mazauni a Lakwaja. Ya zaro biro ya rubuta Lakwaja a bayan takardar, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, muka wuce masallaci.